Nwachukwu da Kaset ɗin Bobboyi

Ƙarfe bakwai na safe Baba Nwachukwu yake ɗaga ƙofar shagonsa a Jambutu, kuma kafin ya share ƙasa sai ya share kan rikoda da auduga. Daga nan ya zauna, ya juya kunnensa na dama wajen titi, don na hagu ya daɗe da yin ritaya ba tare da neman izininsa ba. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, bayan shekara hamsin da ɗoriya yana gyaran sauti a Jimeta. Shi ya sa muka ga bai dace ya tafi shiru ba.

Yaran yanzu sun san shi da gyaran rediyo da juye tsofaffin kaset zuwa waya. Dattawa kuwa sun san shi tun yana haska fim a tsohuwar silima. A can ne, wajen 1981, aka samu wani tsohon fim na Italiya, baƙi da fari, daga hannun wasu Turawa masu aikin hanya. Labarin lebura ne da aka sallama daga aiki, ya ɓoye wa iyalinsa, kullum ya fita da safe kamar mai zuwa aiki. Babu faɗa, babu rawa, amma kiɗan gogen da ke cikinsa ya kama mutane. Ba wanda ke jin yaren sai Bobboyi, wani Bafulatani da ya yi wa Turawan kuku. Shi ke tsayawa kan benci yana fassara, rabi abin da ya ji, rabi abin da ya ga dama. Nwachukwu ya ajiye rikoda kusa da lasifika don ya ɗauki kiɗan, sai muryar Bobboyi ta shige ciki, ta ɓata masa aiki. Shekara da shekaru yana yi masa mitar wannan.

Da rikici ya zo, mutanen Mubi da Michika suka cika gari, 'yan'uwansa suka yi ta bugo waya suna cewa ya komo gida. Bai koma ba. Masu gudun hijira suna kawo masa rediyon da suka tsira da shi, yana tayarwa, don su ji ko garinsu yana nan. A 2015 bam ya tashi a kasuwa, Bobboyi yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Nwachukwu ya tura kaset ɗin can ƙasan akwati, bai ƙara taɓa shi ba.

Bara sai ga Raudatu, 'yar Bobboyi, malamar makaranta a Girei, riƙe da waya. Mutanen Italiya sun sabunta kiɗan fim ɗin, sun fitar da shi fes. Ta ce ta kunna a gida, mahaifiyarta Hansai ta gane shi nan take, don shi marigayin ke yi da fito idan yana alwala.

"Baba, Dada ta ce akwai irinsa a wajenka. Wai ka gyara mata."

Nwachukwu ya saurari na Turawan har ƙarshe, ya taɓe baki.

"Su suna da inji, ni ina da kunne. Ka gaya masa ya ba ni sati uku."

Raudatu ba ta gyara masa Hausa ba, duk Jambutu an saba: mace da namiji ɗaya ne a bakinsa.

A nan gwaninta ta ja shi. Zaren kaset ɗin ya tsufa, duk juyi sai ya zubar da jan gari. Ya lallaɓa ya juye shi a kwamfuta, sannan ya zauna masa. Ya cire ƙugin lasifika, ya cire tarin mutane da kiran mai gyaɗa. Duk inda Bobboyi ya buɗe baki ya yanke, ya ɗinke kiɗan. Da ya gama ya goge juyin farko, don shi ba ya ajiye datti. Ya sa rigar zuwa coci ya kai aikin gidan Hansai a unguwar Alkalawa da kansa.

Hansai ta saurara a kan tabarma, kanta a sunkuye.

"An gyara da kyau," in ji ta. "Amma ba kowa a ciki."

Sai a lokacin ya gane, kunya ta rufe shi. Shekara hamsin yana zaune da Fulani, ya san matar kirki ba ta kama sunan mijinta, balle ta aika a ce tana kewar muryarsa. Kiɗan ta ambata don shi ne abin da bakinta zai iya faɗa. Bobboyi bai bar murya a ko'ina ba sai a wannan zaren, shi kuma ya kwashe sati uku yana korar mutumin daga ciki.

"Dada Raudatu, na yi kuskure. Abeg, ka ba ni kwana biyu."

Ya san zaren ba zai jure juyi biyu ba, wataƙila ko ɗaya. Ya cire shi daga tsohon gidansa ya mayar a sabo. Ya naɗe shi da biro a hankali, inda ya tsage ya liƙe da jan farce. Ya kashe fanka, ya roƙi mai walda na kusa ya dakata. Ya yi alamar gicciye, ya danna, kwamfuta tana ɗauka. Zaren ya tafi minti goma sha ɗaya, sannan ya tsinke, tsinkewar da ba ta ɗinkuwa. Wannan karon bai taɓa komai ba, sai kiɗan da ya ɗan sassauta.

Da aka kunna a Alkalawa, ƙugi ya fara fitowa, sai tari, sai mai gyaɗa. Sai muryar saurayi ta hau kansu duka: "Ku yi shiru mana, jama'a. Yana ce wa matarsa, ki ajiye min tuwona, yanzu zan dawo."

Hansai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Raudatu, wadda ba ta taɓa jin mahaifinta yana saurayi ba, ta dafe bango. Can tsohuwar ta yi magana daga cikin mayafin.

"Ƙarya yake yi, Baturen bai faɗi haka ba. Maganarsa ce ta kullum." Ta nisa. "Useko, na gode, Nwachukwu. Mayar da shi baya."

Kai ne, Baba Nwachukwu, mai kunne ɗaya da ya fi biyun wasu. Kai ne ka zauna lokacin da zama ke da tsada. Ba don ba ka kuskure muke jinjina maka ba. Mun ga ka yi, mun kuma ga ka tsaya gaban tsohuwa da furfurarka ka amsa shi, ka koma ka warware aikin da kake alfahari da shi. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo maka kaset ɗin biki ko na wa'azi, sai ka fara tambaya: "Wa kake nema a ciki?"

Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Masu gyara da ke tasowa, ku riƙe tambayar nan tasa kafin ku sa hannu a kayan mutane. A wani gida a Alkalawa, kowace safiya bayan an idar da salla, Bobboyi yana cewa a ajiye masa tuwonsa, kuma akwai mai sauraro.