Ɗawisun Kawu Bawa

Duk wanda ya taɓa zuwa gonar Kawu Bawa a Bungudu ya san dokar: ba a gaishe shi sai an gaida tsuntsaye. Ka yi sallama ka miƙa masa hannu, sai ya ɓoye nasa a aljihu, ya nuna maka keji da haɓa. "Masu gida na can. Ni maigadi na." Haka za ka bi layi, babba da kai, kana yi wa zabi ina kwana, kana tambayar agwagi ya ruwa.

Shi yayan mahaifiyata ne. Da ya bar aikin gandun daji sai ya kewaye 'yar gonarsa da kara, ya zuba tattabaru, zabi, agwagi biyar, awaki biyu da aku ɗaya, ya kafa allo a ƙofa: Gidan Tsuntsaye na Ƙasa da Ƙasa. Na tambaye shi wace ƙasa da wace ƙasa. Ya ce ɗaya daga cikin agwagin, uwarta 'yar Nijar ce.

Kusan duk Asabar nakan kwaso yarana biyu daga unguwar Damba a Gusau mu je: Habu ɗan shekara shida, da Nana mai huɗu. Don Nana nake zuwa, gaskiya. Har ta kai huɗu ba ta magana. "Mama" kawai, sauran duk da yatsa. An duba kunnenta a asibiti an ce lafiya lau. Dangi kuwa kowa da maganinsa, kowa da kallonsa na tausayi, ni kuma ina kwana da abin ina tashi da shi. Gonar Kawu ce kaɗai inda ba a kallon ta haka.

Sarkin gonar shi ne Alhaji. Kawu ya sayo shi yana ɗan tsako a kasuwar Tsafe, wai ɗawisu. Tsako ya girma, wuya ya yi ja, wata tsoka ta zubo masa a kan hanci. Talotalo ne, makaho ma ya ji kukan ya sani. Matar Kawu, Inna Kulu, ta faɗa masa tun ranar farko. Shekara shida suna wannan gardama, duk Sallah tana wasa wuƙa, shi yana ɓoye ashana.

Wata rana na tafi da maƙwabciyata Maman Chidi da yaranta, na cika su da labarin za su ga ɗawisu. Tana hango Alhaji ta tafa hannu. "Baba, ai wannan talotalo ne! Mu muna dafa shi Kirsimeti."

Kawu ya toshe wa tsuntsun kunne da tafukansa, ko da yake ban san inda kunnen yake ba, shi ma ban jin ya sani. "Madam, a gaban shi? Ɗawisu na! Tashin ƙauye yay yi, shi as sa bai yi kala ba. Ke da an raine ki ƙauyen Kucheri, da janbaki za ki taso?"

Maman Chidi ta durƙusa ta ba Alhaji haƙuri. Har yau in ta ga talotalo a kasuwa sai ta kau da kai.

Maigidana ma bai tsira ba. Ranar da ya raka mu, sanye da farar shadda, Alhaji ya bi Habu da gudu har yaron ya faɗa kwamin agwagi. Uban ya ɗaga takalmi. Kawu ya ce a tsaya, sai an yi shari'a. Ya zauna a kan turmi, ya saurari Habu, sannan ya juya ya saurari Alhaji, wanda ya yi gulu-gulu sau uku. Kawu yana gyaɗa kai kamar an kawo hujja mai nauyi.

"Ya ce yaro ya wuce shi bai gaisai ba. Kuma uban yaro ma bai gaisai ba, ga shi da takalmi a hannu."

Mutumin da ake miƙe wa a ofis ya tsuguna cikin kashin kaji yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, kuskure ne." A mota ya ɗaure mini fuska har Gusau.

Nana kaɗai aka ɗauke wa dokar. Kawu yakan kama hannunta ya kai ta gaban akun nan, wanda tun da aka kawo shi ko "a" bai taɓa cewa ba. Su tsaya, ita tana kallon aku, aku yana kallon ta da ido ɗaya. Can sai Kawu ya ce, "To, sun gaisa. Manya ba su yawan surutu."

Wata rana na kasa daurewa, na fashe masa da kuka a bayan rumbu. Na ce Kawu, ina tsoro yarinyar nan haka za ta zauna. Ya dube ni kamar na ce talotalo.

"Mi kika sani? Tara magana takai. Ku duka ba ta ga wanda ya isa ta kashe mai kalma ba. Ranar da tag gani, za ki ji."

Na yi dariya da hawaye. Mutumin da ke sauraren ƙarar tsuntsu ne yake ba ni fatawa.

Bayan girbin bara ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Muka tare a Bungudu. Kwana uku gida cike, kowa ya shigo ya durƙusa gaban Inna Kulu: ya hanƙuri, ya hanƙuri. Nana tana gefena tana bin bakin kowa da ido.

Ranar sadakar uku da hantsi na waiga ban gan ta ba. Na fito a rikice, Inna Kulu tana bina. Muka same ta a gona. Ta tuɓe takalmanta ta jera su a bakin keji, ta tsuguna gaban Alhaji, hannu a gwiwa yadda Kawu yake yi. Sai na ji wata 'yar murya da ban taɓa ji ta haɗa kalma biyu ba.

"Alhaji, ya hanƙuri?"

Na zauna a ƙasa. Gidan nan cike da mutane, babu wanda ya tuna a yi wa masu gida gaisuwa sai ita. Alhaji ya kumbura, ya baza wutsiyarsa mai launin toka gaba ɗaya, ya yi gulu-gulu.

Inna Kulu ta share ido da bakin zane, ta daɗe tana kallon sa. Ta ce, "Wallahi ɗawisu na."

Yanzu Nana ba ta rufe baki, har malamarsu ta kawo ƙara. Abin da ke ci mini rai shi ne Kawu bai ji ba, da kwana uku kacal.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da haƙurin da ya yi da marasa baki, na fiffike da na mutane. Allah ya sa shi a lambun da tsuntsayensa za su riga shi gaisuwa. Amin.