Ashana a Gindin Bindiga

Ranar mu biyar ne: ni, maigidana, ƙanwarsa Ladi mai jegon kwana shida, jaririnta, da Kaka, kakan maigidana, rungume da bindigarsa ta farauta. Jiya ƙamshin man kaɗanya a kasuwar Gwagwalada ya dawo mini da ranar.

Lokacin an tashi ƙauyenmu za a gina Abuja. Mota ta sauke mu a sabon wuri ana tafka ruwa, komai ya jiƙe sharkaf, har ashana. Ladi tana karkarwa, babu wutar dafa mata ruwan wanka.

Da ma kullum ina mita, Kaka yana ƙarar mini da man kaɗanya wajen shafe bindiga. Sai ga shi ya zare wani ɗan murfi a gindinta. Ashe rami ya sassaƙa! Ashana busasshiya, audugar rimi, allura, gishiri, duk naɗe cikin fata.

"Amaryata sarkin faɗa," ya ce, "hura mana!"

Na farfasa kujerata, na hura, wuta ta kama. Guɗa na rangaɗa!

Washegari na dire masa ƙoƙo cike da man kaɗanya. Allah Ya haskaka kabarinsa, kada sanyi ya taɓa shi.