Talatar da Labbo Ya Zauna Gida

Labbo mutumin Giwa Tazo ne, can ƙasar Maiyama, amma in za a faɗi gaskiya garin wurin kwanansa ne kawai. Tun yana saurayi mahaifinsa ya gane ba za a sami manomi a jikinsa ba. In aka ba shi fartanya ya kama kunya ɗaya, kafin a ɗago kai ya sami dalilin zuwa bakin hanya. Da tsohon ya gaji da faɗa, sai ya ɗora albasa a kan jaki ya ce ya kai Maiyama. Ranar ce aka fara ganin Labbo ya yi aiki ba a tsaya a kansa ba.

Daga jaki ya koma keke. Daga keke ya koma hawa saman manyan motocin da ke lodin albasa a Aliero suna gangarawa Kudu, ya kwana bisa buhuna, ya dawo da goro da labarai. Akwai shekarar da ya faɗo daga saman mota ya karye a ƙafa, aka kai shi wurin masu ɗorin Aliero. Suka ɗaure ƙafar suka ce ya kwanta sai sun sallame shi. Bai jira sallamar ba. Shi ya sa har yau yana ɗan ɗingishi, kuma in aka tambaye shi sai ya ce ƙafar ce ta yi gaggawar warkewa.

Da girma ya fara kama shi ya bar zuwa Kudu, ya sayi babur, ya zama dillalin albasa. Da sassafe yana Maiyama, da hantsi yana Jega, kafin la'asar an gan shi Aliero yana danna albasa da babban yatsa yana gaya wa mai ita cewa ta sha ruwa da yawa. Matarsa Dije takan ce ta fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa. Ita kuwa Dije mace ce mai zaman gida. Daddawa take yi, maƙwabta su saya, kuma ban da biki ko gaisuwar mutuwa ba ta ƙetare gari.

Wata ranar Asabar cikin rani wasu baƙi biyu suka yi sallama a gidan. Mace da namiji, kowanne da riga mai tambari da waya mai faɗi a hannu. Macen, Ni'ima, 'yar Jega ce daga unguwar Magaji. Namijin sunansa Sirajo, shi ya tsaya a zaure. Labbo ba ya nan, kamar kullum, saboda haka Dije ce ta shimfiɗa wa Ni'ima tabarma.

Ni'ima ta yi mata bayani a hankali. Ana bincike ne a duk faɗin ƙasa kan yadda mutane ke zirga-zirga, don masu tsara hanyoyi da motocin haya su san inda jama'a ke zuwa da abin da suke hawa. Ba kowane gida ake shiga ba. Na'ura ce ke zaɓen gidaje kamar ƙuri'a, kuma ta zaɓi nasu tare da wasu 'yan gidaje a garin. Kowane gida an ba shi rana ɗaya, su tasu Talata ce. Washegarinta, Laraba, za su dawo su tambayi kowa inda ya je ranar Talatar, da me ya je, da abin da ya kai shi, ko da ƙafa ya taka.

"Inna, kada ku canza komai," in ji Ni'ima. "Ku yi harkokinku yadda kunka saba."

Da Labbo ya dawo bayan magariba, Dije ta kawo masa tuwo ta ba shi labari. Hannunsa na cikin kwano ya tsaya.

"Mi sunka ce? Gidaje za su bi suna tambaya?"

"Awo. Talata ce ranarmu."

"To ai ƙidaya ce."

Nan ne wani tsohon ciwo ya motsa masa. Lokacin babbar ƙidayar jama'a da aka yi shekarun baya, wadda aka ce kowa ya zauna gida, Labbo yana saman mota a hanyar Kudu. Aka ƙirga Dije, aka ƙirga 'ya'yansa, aka shafa wa kowa tawada a yatsa, shi ba a ƙirga shi ba. Abokinsa Attahiru, wanda suka tashi tare, ya daɗe yana tsokanarsa cewa a wurin gwamnati babu wani Labbo a duniya. Labbo yakan yi dariya, amma abin na cinsa.

"Wannan karon sai an ishe ni gida," ya ce.

"Malam, ɗiyar ta ce a yi harka yadda aka saba."

"Kunya ce irin ta masu ilimi. Wa zai ce maka zauna ka jira ni? Kai ne za ka san ya kamata."

Labbo ba mutum ba ne da zai san abu ya riƙe shi shi kaɗai. Ranar Litinin ya bi sauran gidajen da aka zaɓa, waɗanda su ma Talata ce ranarsu, har da na Attahiru, ya gaya musu cewa shi ya zaga duniya ya san yadda gwamnati ke aiki. Wanda aka zo ba a tarar ba, an wuce shi ke nan. Attahiru yana da niyyar kai buhunan gero Jega ranar Talatar, ya fasa. Wani mai kabu-kabu ya ce zai jingine babur ɗinsa. Kowa ya yi wa Labbo godiya.

Talata da safe Labbo ya yi wanka ya sa babbar rigarsa ta salla, ya fitar da tabarma ƙofar gida ya zauna. Masallacin unguwar bango ɗaya ne da zaurensa, saboda haka ko salla ba ta raba shi da wurin ba. Wayarsa ta yi ta ƙara. Wani mai mota a Aliero yana neman wanda zai haɗa masa kaya, Labbo ya ce yau yana da baƙi daga gwamnati. Jikinsa bai san zama ba. Ya miƙe ƙafa, ya tanƙwashe, ya tashi ya leƙa hanya, ya dawo. Yara masu wucewa suna tsayawa suna kallonsa, don wasunsu ba su taɓa ganinsa da rana tsaka ba.

Baƙi kuwa ba a tarbarsu da baki kawai. Labbo ya ce a yi shinkafa da kaza. Dije ta duba ta ce babu shinkafar kirki a gidan, babu man gyaɗa, babu kayan ƙamshi. A wata rana da shi zai hau babur ya sayo kafin ruwa ya tafasa. Amma yau ba ya motsawa.

"Ke tahi," ya ce. "Ni anka zo nema."

Haka Dije ta yafa mayafi ta taka har bakin hanya, don mai kabu-kabun garin yana gida yana jiran ƙidaya. Can ta sami babur zuwa Maiyama. Ta yi sayayya, ta biya ta gaida wata ƙanwarta da ta daɗe ba ta gani ba, ta dawo a bayan a-kori-kura. Ta kai markaɗe wurin injin, ta je famfo, ta je aron manyan kwanoni. Labbo yana zaune yana ganin shigarta da fitarta, yana cewa ta yi sauri kada baƙi su iso.

Baƙi ba su iso ba. Da rana ta faɗi, Attahiru da sauran masu jira suka taru ƙofar gidan Labbo suka cinye shinkafar, suna cewa haka gwamnati take, ba ta cika alkawari. Dije daga ciki ta ce ita dai ta faɗa tun farko cewa Laraba za su dawo.

Laraba da safe Labbo yana turo babur daga zaure, ransa a ɓace, sai ga Ni'ima da Sirajo. Ya mayar da babur, ya sa aka kawo tabarma, ya gyara murya. Ya daɗe yana jiran ranar da wani daga sama zai tambaye shi zancen hanya. Ya fara daga jakin mahaifinsa. Ya ambaci gadojin da ya haye, da garuruwan da ya kwana, da kwazazzabon da ke tsakanin garinsu da kwalta, wanda in damina ta yi nisa sai an sauke kaya an ɗauka a ka. Sirajo ya saurara da ladabi har ya sami wurin shiga.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma jiya muke tambaya. Jiya ina da ina ka je?"

"Jiya? Ai jiya ina nan ina jiranku."

Sirajo ya dubi Ni'ima. Ni'ima ta dubi ƙasa.

"Ko nan da kasuwa ba ka je ba, Baba?"

"Ko nan da bakin rijiya."

Sirajo ya taɓa wayarsa. Ya ce akwai tambayar da ake yi wa wanda bai fita ba, a faɗi dalili. Ya karanto masa: rashin lafiya, tsufa, rashin abin hawa, ko kuwa babu inda yake buƙatar zuwa. Labbo ya ji kowanne kamar zagi. Ga babur a jingine yana kallonsu. A ƙarshe aka sa shi a wani gurbi da ake kira dalili na daban.

"To ku ɗauki yau," in ji Labbo. "Ku biyo ni ku gani. Ko ku ɗauki Litinin, na zaga garin nan kaf."

Ni'ima ta ce ba su da iko. In aka bar kowa ya zaɓi ranarsa, kowa ranar kasuwa zai zaɓa, sai lissafin ya nuna duk ƙasar kullum tana kan hanya. Shi ya sa ake ɗaukar ranar da ta faɗo wa gida, yadda ta zo. Ta ƙara da cewa kada ya ga kamar abin ƙarami ne, don gidansa ba kansa kaɗai yake wakilta ba. Kowane gida da aka zaɓa yana tsayawa ne a madadin gidaje masu yawa irinsa da ba a shiga ba.

Ta faɗi haka ne don ta faranta masa. Labbo ya juya maganar a ransa.

"Wato duk dattawan da ke kama da ni, jiya na zaunar da su?"

"Kusan haka ne, Baba."

Daga nan Ni'ima ta shiga wurin Dije. Labbo yana zaure yana jin komai. Ƙafa zuwa bakin hanya, babur zuwa Maiyama, kasuwa, gidan ƙanwa, a-kori-kura, injin markaɗe, famfo. Dije tana faɗa tana dariya, Ni'ima tana cewa Inna a hankali, bari in rubuta. Da suka fito Ni'ima ta ce a duk gidajen da suka shiga garin ba su sami wanda ya kai Inna tafiya ba. Sirajo ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, gari guda magidanta ba sa fita. Attahiru yana tsaye a gefe, ya buɗe baki, Labbo ya harare shi, ya rufe.

Labbo bai haƙura ba. Bayan 'yan kwanaki ya hau babur har Birnin Kebbi, ya yi ta tambaya har ya sami ofishin da aikin ya fito. Wani ma'aikaci ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe, sa'annan ya ce bayanan sun riga sun tafi ta iska tun ranar, kuma ko sunansa ba ya jiki, lamba ce kawai. Labbo ya tambaya ko wannan zuwan da ya yi za a rubuta. Mutumin ya ce a'a, amma ya gode ƙwarai. A hanyar dawowa Labbo ya tsaya Jega ya haɗa cinikin albasa, don kada tafiyar ta tashi a banza.

A garin an ɗan jima ana kiransa Labbo Mai Zama, yana jin haushi, daga baya ya saba har yana amsawa. Abin da bai yi tsammani ba daga cikin gidansa ya fito. Ranar da Dije ta je Maiyama ta ga irin daddawar da ake sayarwa a kasuwar, ta shinshina ta ajiye. Ƙanwarta ta ce mata in ta kawo tata ba za ta kai azahar ba. Dije ta kwana biyu tana tunani, sa'annan ta gaya wa Labbo cewa ranar kasuwa zai riƙa kai ta.

"Ke da ba ki son hanya?"

"Da ban san ta ba ne."

Ya so ya ƙi, amma ya rasa bakin da zai ce wa wani tafiya ba ta da kyau. Yanzu duk ranar kasuwar Maiyama ana ganinsu bisa babur, ita a baya da kwandon daddawa a cinya tana ce masa ya rage gudu. Da yake ba ta yarda ta dawo da kowa sai shi, ba ya iya wucewa Aliero ranar. Yakan zaga kasuwar, ya taɓa albasar mutane ya kushe, ya sha fura, ya dawo ya tsaya a kanta. Kwanan baya Attahiru ya wuce ya ji Labbo yana ce mata rana ta yi, su tashi. Dije ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ƙulla wa wata mata daddawa.

"Sami inuwa, Malam," ta ce. "Ban gama ba."