Lambar Yaya Haruna

Ranar da abin ya faru, da shayi muka fara kamar kullum. Yaya Haruna ya yi mini tsiya a kan sukari, wai hannuna ya fi na mai kanti maƙo. Rijiya muke haƙawa a wani ƙauye gabas da Injamena, mu goma sha huɗu, a ƙarƙashin wani Bature ɗan Kanada da muke kira Misye Arman. Ni ne direban tankar ruwa. Yaya shi ne mai shiga rami.

Misye Arman yana da wani allo da ya kafa a jikin darbejiya, duk ƙusoshi. Kowannenmu yana da lamba ta tagulla mai huji, kamar tsohon kwabo. In ka kama aiki ka rataye taka, in ka tashi ka cire da hannunka. Ya ce a ramin kwal ya gaji abin. Ubansa a rami ya tsufa, shi ma tun gemu bai fito masa ba ya shiga, can ya baro yatsu biyu. Ya ce a ƙasarsu an sha tashi daga aiki a bar mutum a ƙasa ba a sani ba, kuma sai da talakawa irin ubansa suka sha wuya kafin masu rami su ɗauki ran lebura da daraja. Dokarsa ɗaya ce: kada kowa ya taɓa lambar wani. Mu kuwa dariya muke masa. Mutum goma sha huɗu, ina za mu ɓata?

Akwai Abakar, mijin 'yar Yaya, mai kwaɓa siminti. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya haɗa ido da shi. Buta shi ke ɗauko masa, takalmi shi ke gyara masa. Lamba ma, in Bature ya juya baya, shi ke ciro masa ya miƙa da hannu biyu. Duk mun sani. Har yaba masa muke yi.

Da hantsi Yaya ya sauka. Ramin ya kai gaba talatin. Mutum biyu 'yan ƙauyen, da aka ɗauka aikin yini, su ke juya ƙarfen igiya. Ni ina can bakin tafki ina cika tanka.

Kafin azahar na ji ƙarar igwa ta farko, mai nauyi, daga arewa. Awaki suka watse. Sai ƙananan bindigogi suka amsa, ba tsayawa. Hayaƙi ya tashi ta wajen kasuwa. Mata suna ihu suna kiran sunayen 'ya'yansu. Na bar mesa a cikin ruwa na tayar da mota.

Da na iso, babbar motarmu ta cika. Mutane a kwance a bayanta, kan wani a cinyar wani. 'Yan ƙauyen nan biyu sun gudu gidajensu. Guga yana sama cike da ƙasa, igiya a naɗe, kamar an tashi daga aiki. Misye Arman ya sheƙa wajen allo, harsashi yana kakkaɓo ganye a kansa. Ya duba. Babu lamba sai tawa. Ya nuna mini ita da hannunsa mai yatsu uku, na cire.

"Ku tafi! Ku tafi!"

Muka tafi. Ina biye da su, na ɗauka Yaya yana cikin babbar mota. Su kuma sun ɗauka yana gefena.

Mun bar titi mun bi gonaki. Mun wuce wata mota tana ci da wuta, ƙofofinta a buɗe. Mun wuce wani tsoho zaune a kan buhu, bai ko ɗago kai ba. Da la'asar muka kai bakin kogi, inda jama'a ke kokawar shiga kwalekwale zuwa Kusiri, a tsallaken Kamaru.

Nan na ga Abakar yana zagaya tankata. Ya leƙa ta wannan taga, ya leƙa ta waccan. Hannunsa a dunƙule. Ko a lokacin bai iya faɗin sunan ba.

"Ina Baba?"

Ya buɗe hannun. Lambobi biyu ne a ciki.

Misye Arman bai zagi kowa ba. Ya shiga tanka, na ja, muka koma. Ba mu yi nisa ba masu bindiga suka tare hanya. "Ku sauka! Ku juya!" Suka harbe tayoyin gaba. Da ƙafa muka dawo kogi, muka haye. Mutanen Misye Arman sun zo sun ɗauke shi daga Kusiri, yana tirjewa. Ban sake ganinsa ba.

Sai bayan damina hanya ta buɗe. Ƙauyen ba kowa tun ranar. Rijiyar ta rufta, domin ba mu kai ga sa mata zoben siminti a ƙasa ba. Allon yana nan jikin darbejiya.

Abin da ke ci mini rai har yau, ban san wanda zan kama ba. Baturen ya duba allonsa. Abakar ladabi ya yi. Ni kuma na wuce ta bakin ramin da mota.

Yanzu a Bi'ir Ali nake, miƙatin Madina, ina shigar da alhazai bas bayan sun ɗaura harami. In aka ce mini, "Hajiya tana ciki," ba na yarda sai na gan ta da idona. Direbobi su yi ta danna ham: "Ya ammi, halas, yalla!" wato baffa, ya isa, mu tafi. Su danna. Jikokina suna ce mini masifaffe, da Larabci. Na taɓa tambayar wani alhaji daga Kanada labarin allon rami, ya ce bai taɓa ji ba, sai dai ko kakansa.

Mu goma sha huɗu muka rataye da safe. Goma sha uku muka haye kogi. Abakar ya ba ni lambar kafin ya rasu. Na buga ƙusa a ɗakina a unguwar Khalidiyya na rataye ta, tunda mai ita bai fito ba.