Tanti Profira da Uban da Ya Zo Ganin Rumbu

Shekara goma sha tara ina gyaran famfo a gidan kwanan ɗalibai na bakwai a birnin Iași, kuma duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ce take sa ni goge takalmi kafin in shiga, wato Profira mai tsaron ƙofa. Ɗalibai Tanti suke ce mata, wato gwaggo, malamai ma Tanti, har shugaban gidan da ya girme ta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da tabarau rataye a wuya da zare. Ɗakinta na gilashi a bakin ƙofa bai fi taku uku ba, amma a ciki akwai makullai ɗari da ashirin, da butar shayi, da allura, da maganin ciwon kai, da wani fure a gwangwani da ya ƙi mutuwa. Kullum cikin faɗa muke. Tana cewa bakina ya fi famfunan da nake gyarawa yoyo. Ni kuwa ina ƙaunar matar nan, ban dai taɓa faɗa mata ba don kada in ba ta abin yi mini dariya.

A ƙarshen watan Yuli, bayan an kafe sunayen waɗanda aka ɗauka, jami'a kan buɗe gidajen kwana Asabar da Lahadi, yara su zo da iyayensu su ga inda za su zauna. Wanda ya gamsu sai ya kai takardarsa ta gama sakandare, ta asali ba kwafi ba, cikin fayil na kwali, ya ajiye a ofishin da ke tsallaken titi kafin ƙarfe huɗu na yammar Lahadi. Wanda bai kai ba, gurbinsa ya zama na mai bi masa. Kwana biyun nan su ne bikin Profira. Takan sa siket ɗinta na zuwa coci, ta fito daga ɗakin gilashi, ta yi ta rabon shawara ga iyaye, sun tambaya ko ba su tambaya ba.

"Uwar yarinya, ƙyale katifar nan haka, ba saya za ki yi ba."

"Maigida, ɗanka aka tambaya. Yana da baki, ɗazu na gan shi yana cin burodi da shi."

"Kuka kuma a ajiye shi sai an shiga jirgin ƙasa. Wadda ta jiƙa mini bene ita za ta goge."

Iyaye sukan yi dariya, kuma yawancinsu sukan bi. Abin da ta fi nanatawa shi ne a bar yaro ya fara hawa shi kaɗai, ya buɗe taga, ya zauna a bakin gadon, ya ji ko ransa ya kwanta. Ta ce ɗakin da uwa ta fara shiga, har shekara ta ƙare da idon uwar yaron zai riƙa ganinsa.

Ranar Lahadin da nake son ba ku labari, wajen sha ɗaya na safe, wani dogon mutum ya shigo da hula a hannu, 'yarsa na biye da shi. Toader sunansa, mai kiwon zuma daga wani ƙauye a bayan garin Dorohoi. 'Yar, Smaranda, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, ita ce ta uku a jerin sunaye. Matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, daga shi sai yarinyar a gida. Ya sa kwat mai kauri cikin zafin Yuli, kuma kowa na iya ganin gefen fayil ɗin kwali yana leƙowa daga ƙirjinsa. Ya ajiye kwalbar zuma a gaban Profira, kamar yadda ake yi in an shiga gidan mutane, ya yi gyaran murya.

"Uwar gida, mun zo ganin gida."

Profira ta dube ni, na dube ta. Mu duka 'yan ƙauye ne, mun san maganar. A wajenmu kafin ka bar 'yarka ta koma wani gida, sai ka je ka gan shi da idonka, kuma ba falo ake dubawa ba, don falo kowa na iya share shi ranar baƙi. Rumbun ƙarƙashin ƙasa ake sauka. A nan ake ganin buhunan dankali, da gangar kabeji mai tsami, da kwalaben da aka cika tun kaka. Gidan da rumbunsa ya cika, ko rufinsa na yoyo an yarda da shi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," in ji Profira. "Yarinya ta hau ta ga ɗaki, hawa na uku, lamba arba'in da ɗaya. Kai ka zauna in ba ka shayi."

"Ɗaki ai ɗaki ne. Rumbu nake son gani."

"Baba, don Allah," Smaranda ta ce a hankali, kunnuwanta sun yi ja.

"Yi shiru, 'yata. Ni na san abin da ya kawo ni."

A nan na yi wautata ta farko. Makullin ƙasa a aljihuna yake, kuma ni mutum ne mai son a ga aikina. Na ce masa ya biyo ni. Profira ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Muka sauka, na kunna fitila, na shiga nuna masa tukunyar ruwan zafi da sababbin bututun da na ɗaura da hannuna. Shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya zagaya lungu-lungu, ya ɗaga wata tsohuwar katifa, ya leƙa bayan karyayyun gadaje, ya shaƙi iska ko zai ji ƙanshin kabeji. Ba komai sai tsatsa da warin danshi.

"Mutum nawa ke kwana a gidan nan?"

"Ɗari huɗu da wani abu."

"Mutum ɗari huɗu," ya ce, "kuma ko albasa ɗaya babu."

Ya hau bene yana danne fayil ɗin da tafin hannu. A bakin ƙofa ya samu Smaranda ta sauko, fuskarta sai walƙiya take, tana gaya wa Profira cewa daga tagar ana hango bishiyoyi har kan tudu. Ya katse ta.

"Ɗauki jakarki. Jirgin ƙasa na ƙarfe biyu za mu bi. Ban haifi 'ya don yunwa ta kashe mini ita a birni ba. Akwai kantin magani a Dorohoi, za su koya miki aiki."

Yarinyar ba ta yi gardama ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta sunkuyar da kai kawai, ta ɗauki jaka, kamar wadda tun daga gida ta san haka za a ƙare.

Profira ta zaro wani makulli daga ƙusa. "Kafin ka tafi, maigida, rumbun banza wannan sakaran ya nuna maka. Zo ka ga na gaske."

Ta buɗe ɗakin ajiya da ke bayan nata. Tun daga ƙasa har rufi kwalabe ne, wankakku, babu komai a ciki, kowane murfi da suna da sunan ƙauye. Ta ce waɗannan na waɗanda suka tafi hutu ne ba su gama kwashewa ba. Duk ranar Juma'a uwaye kan cika jaka da kwalaben miyar yalo da tattasai, da gasasshen nama, da cuku, su miƙa wa direban motar ƙauye, yara su je tasha su karɓo. In an cinye sai a wanke kwalba a mayar gida, don ba a yar da kwalbar uwa. Ɗaki mai gado huɗu ƙauye huɗu ke ciyar da shi, wanda motarsu ta makara ya ci na maƙwabcinsa.

"Rumbun gidan nan yana gidajenku," ta ce. "Shekara goma sha tara ban ga wanda ya rame ba, sai masu soyayya."

Toader ya ɗauki kwalba ɗaya, ya karanta murfin, ya mayar. Na ga maganar ta shige shi. Amma sai ya ce matakalar bene ta yi santsi. Profira ta ce za a sa mata roba. Ya ce ya ga samari suna shan taba a tsakar gida. Ta ce a ƙauyensu turare suke sha? Ya ce titin da za ta riƙa tsallakawa motoci sun yi yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan ba yunwar 'yarsa yake tsoro ba, tsoron komawa gida yake ya ɗora tukunyar mutum ɗaya. Ya ƙi tafiya tasha, ya kuma ƙi ba da fayil. Jirgin ƙarfe biyu ya wuce yana zaune yana juya hula, Smaranda na tsaye a jikin bango da jaka a kafaɗa. Ƙarfe uku ta buga, uku da rabi ta buga.

Akwai abin da na sani game da Profira wanda ba kowa ya sani ba. Ita ta gaya mini wata rana da muke jiran mai kawo gas, ta kuma rantsar da ni. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa dai ranar nan ya kasa.

"Toader," na ce, "ka san matar nan da kake ta yi wa musu? Shekara arba'in da suka wuce sunanta ne na biyu a jerin masu karatun lissafi. Ubanta ya kawo ta gidan nan, wannan gidan, ya duba ya ce bai yi masa ba, ya mayar da takardarta cikin kwat kamar yadda ka yi. Shekara ashirin ta yi a masaƙa tana shaƙar auduga, da aka rufe masaƙar ta zo nan tana miƙa wa 'ya'yan wasu makulli."

"Gavril!" Profira ta daka mini tsawa. "Allah ya toshe bakin nan naka da siminti!"

Na so ƙasa ta buɗe in koma wajen bututuna. Toader ya dube ta, ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Uwar gida, kin yafe masa?"

Ta gyara zaren tabaraunta. Na zaci ba za ta amsa ba.

"Mutumin kirki ne, yana sona, kamar yadda kake son taka. Da ya kwanta ciwo shekara goma sha ɗaya na yi ina jinyarsa. Ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki, bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma tun daga ranar da muka fita ta ƙofar nan ban ƙara gaya masa abin da ke raina ba. Yakan ce, Profira, me kike tunani? In ce ba komai, Baba. Har ya mutu yana tambaya." Ta nuna Smaranda da haɓa. "Za ta bi ka, ba ta da musu. Za ta dafa maka, ta wanke maka. Sai dai ka shirya zama da 'ba komai, Baba'."

Toader ya juya ya dubi 'yarsa, kamar yau ya fara ganinta. "Smaranda, me kike tunani?"

Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe. Na ga kalmomin nan biyu, 'ba komai', sun zo mata har bakin leɓe, shi ma ya gani. Ya ɓalle maɓallin kwat, ya zaro fayil ɗin, gefensa duk ya jiƙe da gumi, ya miƙa mata.

"Ungo. Saura minti goma sha biyu."

"Baba, zo ka raka ni."

"A'a, ƙafata na ciwo. Je ki."

Mutumin da ke hawa tudu kullum yana bin amya, wai ƙafarsa ke ciwo. Smaranda ta sumbaci hannunsa, ta yar da jaka a ƙasa, ta fita da gudu. Shi kuwa ya juya wa ƙofa baya, ya kifa hula a fuska.

Profira ce ta bi ta. Ban taɓa ganin ta bar ƙofar nan a lokacin aiki ba, amma ranar ta fita da silifas har bakin titi, ni ina biye da ita ina jiran sauran zagina. Yarinyar ta tsallaka, ta hau matakalar ofishin bibbiyu. Idon Profira ba ya ganin nesa, ta kama hannun rigata ta ƙanƙame.

"Gavril, ta shiga?"

"Tana bakin ƙofa, Tanti."

"Kada ka yi mini ƙarya. Ta shiga?"

"Ta shiga."

"To," ta ce. Ta ƙara tsayawa kaɗan tana kallon inda ba ta gani, ba ta saki rigata ba. "To, madalla. Je ka gaya wa uban."