Mai Gugan Kwata

Ranar da na fara sanin aikin maƙwabciyata, a cikin kwata na same ta, ruwa har ƙugu. Ta gama ɗiban ruwa a kwalba, ta je mayar da murfin ƙarfen nan na bakin titi, ƙafa ta zame, sai ji aka yi tinjim. Masu jiran mota suka yi mata zobe. Da ƙyar wani direba ya jawo ta da igiyar gugan da take aiki da shi, takalmin roba ɗaya ya ce shi kam ya samu wurin zama. Kwalbar da ta cika kuwa tana ɗage da ita sama da kanta, ko ɗigo bai zube ba.

Na ce, "Yaya, an ɗauke ruwa ne a gida?"

Ta ce, "Matsa can kada ki taɓa ni, sarkin surutu."

Tun ranar na sa mata Mai Guga, sunan kuwa ya bi ta.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nawa a gidan haya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan biyu mata. A da shara take yi a asibiti, daga baya aka mayar da ita cikin masu ɗiban ruwan kwata. Ni ban yi nisa a boko ba, amma ta yi min bayani wata rana ina tsefe mata kai. Ta ce duk abin da ya shiga cikin mutum sai ya biyo ta kwata. Su ɗiba, su sa a akwatin ƙanƙara, su kai ɗakin gwaji. In cuta ta shigo gari, ko da ƙafarta ta zo, ko wani mugu ne ya sake ta da gangan don ya karkashe mutane, a ruwan nan ake fara ganinta tun asibiti bai cika ba. Sai a fito da magani, a yi rigakafi, a killace inda ya kamata.

Na ce, "Wato tsaron ƙasa guda yana rataye a igiyar gugan kashi?"

Ta ce, "Ga soja can da bindiga. Ce masa ya harbi ƙwayar cuta mu gani."

Rigima ta taso ne ranar da hukuma ta yi atisaye a layinmu. An yi shela tun kafin ranar cewa gwaji ne kawai, za a yi kamar an saki cuta don a ga wa zai yi me. Duk da haka da motoci suka tsaya, mutane suka diro cikin fararen kaya, fuska a rufe kamar aljanu, sai da mai shayi ya bar butarsa a wuta. Ni kuwa na gane ta a cikinsu, don tafiyar agwagwar nan tata ba ta ɓuya. Na ƙwala mata kira, "Mai Guga, an yi kyau!" Ashe tela na ɗakin ƙofar gidanmu yana ji, ranar ya gane da cuta take aiki.

Daga nan tela ya hana 'ya'yansa wasa da 'yan biyu. Matarsa ta daina shanya a igiya ɗaya da ita. Da ƙaramar 'yar tela ta yi zazzaɓi, sai suka ce ai Mai Guga ce ta kwaso musu. Alhali matar nan ko safar hannu ba ta taɓa shigowa da ita gida ba. A wurin aiki take tuɓewa ta yi wanka, hannunta har ya yi fari fat don sabulu.

Mai gidan ya tara mu a tsakar gida, ya zauna a kan turmi yana gyaran murya. Tela ya zazzage nasa. Na ce, "Malam, kai da kake fitowa daga bayi ka wuce buta kamar kun yi faɗa?" Mai gidan ya ce in yi shiru, ba da ni ake ba.

Ya juya wurinta. "'Yata, ba na son fitina. Ko ki bar aikin, ko ki bar ɗakin."

'Yan biyu suna laɓe a bayan labule, ina hango ƙafafunsu. Na san ba ta da inda za ta kai su, ita ma ta sani. Na ɗan taka mata ƙafa don ta ba shi haƙuri. Ta janye ƙafarta, ta gyara ɗaurin zane.

"Baba, ɗaki naka ne, wata na ƙarewa za ka ga makullinka. Aiki kuwa ba na bari. Ranar da wani ya zuba wa garin nan masifa, ba zai tambayi wane ne tela ba."

Tela ya ce, "Oho dai. Ki kwashe ƙazantarki ki yi gaba."

Ta dube shi daga hula har silifa.

"Tawa? Malam, ni ban taɓa zuba komai a kwatar nan ba sai guga. Abin da nake ɗebowa, daga cikinka ya fito. Kuma ko bayan gari na koma, taka ce zan fara kaiwa a duba."