Gwangwani Takwas a Kan Kanta

Duk wanda ya taɓa shiga babban kantin nan na bakin titi ya ga gwangwanaye sun tsaya sahu-sahu, kowanne ya juyo da rubutunsa waje, to aikin Baba Mai Jeri ya gani, ko da bai ga shi Baban ba. Dama ba kasafai ake lura da shi ba. Gajere ne siriri, kullum yana durƙushe a gindin wata kanta, ko yana kan ɗan tsaninsa mai taki uku da tsumma a kafaɗa. Shekararsa ashirin da shida a kantin. Manajoji biyar ya gani, kowanne ya zo da sabon tsari da sabuwar tsawa, ya tafi ya bar shi yana goge ƙura.

Mutum ne da karkataccen gwangwani ke hana shi sakat. Ko a gida bai bar halin ba. Sai matarsa ta shiga kicin ta tarar an juya mata robar gishiri da kwalbar mai, duk sun fuskanci ƙofa.

"Malam, nan fa ba kanti ba ne," ta kan ce. "Wa zai saya?"

"Ko ba mai saye, ai akwai mai kallo."

Da wannan aikin ya aurar da 'ya'ya uku, ya kuma yi rufin ɗakuna biyu. Bai taɓa ganin aikin ya yi masa kaɗan ba. A ganinsa, in mutum ya shigo kanti ya ga kaya shaƙe, hankalinsa kan kwanta tun kafin ya taɓa aljihu, kuma shi ne mai kwantar da hankalin.

Sai farashi ya fara hauka. A da, canza takardar farashi aiki ne na sau ɗaya a wata uku, har ya kan manta inda ya ajiye abin mannawar. Yanzu sau biyu a mako, wani lokaci sau uku. Ya manna sabuwa kan tsohuwa, ya sake mannawa, har takardun suka yi tudu kamar ɓawon gyambo. Kuma da yake shi ake gani da takarda a hannu, shi ake sauke wa fushin.

"Baba, ku ji tsoron Allah. Shekaranjiya ba haka na saya ba."

"Wallahi 'yata, ni mannawa kawai nake yi."

"Kullum haka kuke cewa."

Ba ya jin haushinsu, tausayi suke ba shi. Daga kan tsaninsa yana ganin abin da manaja ba ya gani daga ofis. Yana ganin mace ta tsaya da mai a hannun dama, sukari a hagu, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ajiye duka biyun ta ɗauki gishiri. Yana ganin magidanci mai gogaggen kaya ya ɗauki ƙwai, ya zaga ta wajen sabulu inda ba kowa, ya ajiye shi a hankali ya fita yana danna waya kamar an kira shi. Kowace yamma Baba kan bi kantoci da kwando yana tsince kayan da aka fasa saye, ya mayar da kowanne gidansa. A da rabin kwando ba ya cika. Yanzu sai ya yi sawu uku.

Bayan tsada kuma sai rashi ya biyo. Motar kaya da ke zuwa tana nishi ta fara zuwa tana rawa, rabinta iska. Yau babu shinkafa, gobe babu mai, jibi an kawo mai amma fulawa ta ɓace. Kantoci suka fara wawulo.

Manajan yanzu matashi ne mai tarin makullai a ƙugu, wanda ya yarda cewa duk matsalar duniya ta gyaru in an canza yadda ake kallonta. Ya kira Baba ya tsayar da shi gaban kantar mai.

"Baba, ka ga wannan? In mutane suka ga wayam, tsoro ke kama su, su yi ta wawaso. Ba na son ganin rami. Ka jawo abin da ya rage gaba, ka baza shi. Bayan kuma ka san yadda za ka yi."

Ya kuwa san yadda zai yi. Ya yanka kwalaye daidai tsayin kaya ya cusa a baya, ya jawo sahu ɗaya tal zuwa baki, ya ba kowane gwangwani tazarar yatsa biyu. Inda haske ke fallasa ramin, ya rufe da takarda mai launin kayan. Kwalba goma sha biyu a hannunsa sai ta zama kamar ɗari. Manaja ya zo ya ja da baya ya kalla, ya ce bai taɓa ganin gwani irinsa ba. A faɗi gaskiya, Baba ya ji daɗin yabon. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa ce masa gwani, sai ranar da ya iya jera ƙarya.

Amma bai faɗa wa kowa a gida ba. Kunya ta hana shi. In an tambaye shi ya kanti, sai ya ce, "Lafiya lau, ana ta fama." Su kuma ba sa ƙara tambaya.

A cikin wannan hali Auta, ƙaramar 'yarsa, ta haihu. Haihuwar ta zo da wahala, ta yi sati uku a asibiti, ta fito da ranta amma nono ya ƙafe. Aka dawo da ita gidan iyayenta don uwar ta kula da ita. Jaririyar, wadda Baba ke kira amaryarsa irin na wasan kaka da jika, aka ɗora ta kan madarar gwangwani. An gwada iri biyu, duk suka sa ta gudawa har idonta ya faɗa. Na ukun ne ya zauna mata, mai shuɗin murfi. Likita ya ce kada a sake canza mata, kuma kada a ba ta komai banda shi sai ta ƙara wata uku.

"Amarya mai tsada," Baba kan ce yana yi mata rawa a hannu. "Tun ba ki yi haƙori ba kin fara zaɓen abinci. Ku kwantar da hankalinku, ai a hannuna madarar take kwana."

Wannan magana ta yi daɗi a baki, amma ba haka abin yake ba. Tun da kaya suka fara wuya, an kafa doka: ma'aikaci ba ya saye a lokacin aiki, ba ya ɓoye wa kowa komai, wayarsa ma a akwati ake kulle ta har a tashi. Madarar jarirai kuwa gwangwani ɗaya ga mutum ɗaya. A watan da ya wuce an kori wata mai karɓar kuɗi, uwar 'ya'ya huɗu, don an ga kwalbar mai ɗaya a ƙarƙashin teburinta. Saboda haka mijin Auta, wani tela mai sanyin hali, shi ke zuwa ya saya kamar kowa.

Ranar wata Laraba da safe Baba ya buɗe kwalin ƙarshe na mai shuɗin murfi. Gwangwani takwas. Ya leƙa sito, ya ɗaga kwalaye, ya duba bayan ƙofa, babu ƙari. Ya kuwa san wanda ke gida bai fi na kwana biyu ba. Ya yi tunanin tura ɗaya bayan buhunan sabulu, sai fuskar matar nan da aka kora ta faɗo masa. In aka kore shi, da me za a sayi na gaba? Ya ce a ransa, surukin nasa ya ce yau zai zo da rana, zai tare shi ya gaya masa.

Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya jera huɗu a sama, huɗu a ƙasa, kwali a baya, shuɗiyar takarda a gefe. Ya sauko ya ja da baya ya duba. Kantar ta yi kyau ƙwarai.

Wajen sha biyu aka ce mota ta iso, kowa ya fita sauke kaya. Baba ya tafi da sauri har yana tuntuɓe, yana fatan madara ce. Sabulun wanka ne, da takardar goge hannu, da wasu 'yan buhunan shinkafa da aka shiga da su nan take. Ya yi sa'a biyu a sito yana ɗaga kwalayen da ba wanda zai ci abin da ke cikinsu. Sau biyu yana neman zamewa, manaja na tsaye a bakin ƙofa da takarda.

Da ya fito, gwangwani uku suka rage. Ya tambayi mai gadi ko ya ga surukinsa.

"Telan nan? Ya shigo ɗazu, ya fita da leda."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi. Ya koma bakin aikinsa da sauƙin rai, har ya sake baza ukun da suka rage don su rufe wuri. Biyu suka tafi kafin la'asar. Na ƙarshen yana can sama, wata yarinya mai jariri a kafaɗa ta yi ta miƙa hannu ba ta kai ba. Shi da kansa ya hau tsani ya sauko mata da shi, ya goge murfin da tsummansa.

"Allah ya raya," ya ce mata.

"Amin, Baba. Na zaga kanti biyar kafin nan."

Kafin a tashi ya tambayi manaja yaushe za a kawo wata. Manaja ya duba takardarsa, ya ɗaga kafaɗa.

"Ba ta cikin na wannan makon, ba ta cikin na mai zuwa. Su ma can sun ce babu. Gobe ka cika wurin da biskit."

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. A tsakar gida ya tarar da su: matarsa na tsince shinkafa a faranti, Auta na zaune kan tabarma da jaririyar a cinya, surukin na gefe a kan benci. Telan ya zame ya durƙusa ya gaishe shi.

"An ce ka shigo ban gan ka ba," in ji Baba yana cire takalmi. "Ka dai samu ko?"

"Na samu, Baba, da ƙyar. Ana ta ture-ture a kanta, amma na fizgo ƙaramin buhu."

"Buhun me?"

"Shinkafa. Abin da ke hannuna ba zai sayi biyun ba. Na je wajen madarar tukuna, na ga Allah ya sa kanta cike take har sama. Sai na ce shinkafar ce za ta ƙare, madara kuwa jibi in an karɓi ɗinki na zo na ɗauka."

Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sai ya zauna a bakin ƙofa.

"Malam, lafiya?" in ji matarsa.

"Ba cike take ba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Takwas ne. Bayansu kwali ne. Sun ƙare."

Telan ya miƙe. Ya ɗauki kekensa ya fita. Matar Baba ta ajiye farantin shinkafar a gefe. Bayan sa'a guda ya dawo jiƙe da gumi. Kanti bakwai ya shiga, da shagunan magani uku. A wuri ɗaya an ce masa wataƙila ƙarshen wata.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi wa Baba sauƙi. Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da take yi masa tun tana ƙarama in tana son ya ce ba gaskiya ba ne.

"Baba, wa ya sa kwalin?"

Zai iya cewa manaja ne ya ce a yi, kuma gaskiya ce. Zai iya cewa doka ce, zai iya cewa kowane kanti haka ake yi yanzu. Ya duba duk maganganun ya ga babu wadda za ta shiga fidar jaririyar.

"Ni na jera," ya ce.

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka, lokacin shanta ya yi. Auta ta jawo gwangwanin ta buɗe, ta karkata shi ta leƙa ciki. Cokali huɗu likita ya ce a kowane sha. Ta zuba ɗaya, ta zuba na biyu, ta tsaya da cokalin a hannu. Sannan ta mayar da murfin, ta cika fidar da ruwa har wuya. Baba yana kallo ta girgiza ta, madarar ta fito tsararo, ana hango yatsunta ta cikin kwalbar.

"Kawo ta nan," ya ce. "Ni zan ba ta."

Ta miƙa masa. Yarinyar ta kama da ƙarfi tana zuƙa, idonta a kan fuskarsa, ta shanye tas. Da ya zare fidar, ta buɗe baki tana neman ƙari.